Buri ya cika ko bai cika ba? Tambayoyi da amsoshi kan yadda Turanci ke faɗin abin da aka sa rai a siyasa da tattalin arziki

Na daɗe ina koyar da Turanci a ajin yamma na manya, inda akasarin ɗalibaina ma'aikata ne da 'yan kasuwa da matasan da ke son shiga aikin jarida. Jarida ce littafinmu. Kowane mako mukan ɗauki labari ɗaya na siyasa ko na kuɗi mu feɗe shi, kuma wurin da ake tuntuɓe kusan ɗaya ne kullum: inda marubuci ke magana a kan abin da aka sa rai a baya. Kalmomin ba su da wuya, ƙamus na warware su. Matsalar ita ce Turanci yakan cusa sakamakon a cikin siffar aikatau, wato kalmar aiki, ya sanar da kai cewa buri bai cika ba, ba tare da ya furta hakan ba. Wanda bai san wannan ba yakan karanta labarin asara ya ɗauka albishir ne. Ga tambayoyin da aka fi yi mini. Jimlolin Turancin da ke ciki ni na gina su don misali, a kan abubuwan da suka faru da gaske.

Malam, mene ne bambancin "hoped" da "had hoped"? Ba duka abin da ya wuce ba ne?

Duka abin da ya wuce ne, amma ba saƙo ɗaya suke ɗauke da shi ba. Idan aka ce "she hoped to win", labari kawai aka ba ka cewa ta yi fatan nasara. Ko ta samu ko ba ta samu ba, sai ka ci gaba da karatu ka gani. Idan kuwa aka ce "she had hoped to win", to tun kafin a kai ƙarshen jimla an raɗa maka cewa abin bai yiwu ba. 'Yar kalmar nan "had" tana tura fatan can baya, kafin wani abu ya zo ya rushe shi.

Ɗauki Theresa May. A watan Afrilun 2017, tana firaministar Birtaniya, ta kira zaɓe tun wa'adi bai cika ba. Jam'iyyarta na da kujeru 330 a majalisa mai kujeru 650, rinjaye ne amma siriri, ita kuma tana son mai kauri kafin ta zauna tattaunawa da Tarayyar Turai kan ficewar Birtaniya daga cikinta. Aka yi zaɓe ran 8 ga Yuni, ta fito da 317. Garin neman ƙiba ta samo rama, har sai da ta nemi goyon bayan wata ƙaramar jam'iyya ta Ayalan ta Arewa kafin gwamnatinta ta tsaya. Ɗan jarida zai taƙaita duk wannan da jimla ɗaya: "Mrs May had hoped to increase her majority." Bai ce ta gaza ba, amma duk mai jin Turanci ya fahimta.

Mu ma muna da irin wannan, shi ya sa nake cewa kada abin ya ba ku tsoro. In aboki ya ce maka "na so in zo ɗaurin auren", ai ba ka tambayarsa ko ya zo. "Ta so ta ƙara rinjaye" ita ce fassarar da ta fi kusa da "had hoped".

To ko da yaushe "had hoped" na nufin ba a dace ba?

A'a, galibi dai. Idan ka ga "as" ko "than" a gabanta, tsaya ka duba. "The talks ended as mediators had hoped" na nufin an tashi yadda masu shiga tsakani suka so. "Turnout was higher than the party had hoped" ma na nufin abin da aka samu ya zarce fata. Amma in ta zo ita kaɗai a tsakiyar labari, musamman in "but" na biye, to haƙa bai cimma ruwa ba.

Idan na fassara da "ana fatan" kawai, wane lahani zai yi?

Babba kuwa. Bari in ba ku abin da ya faru a ajina. Lokacin da Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, daga Agustan 2019 har zuwa Disambar 2020, na rubuta wannan jimla a allo na ce kowa ya mayar da ita Hausa: "Traders had hoped the border would reopen within weeks." Wani matashi mai ƙoƙari, wanda ke koyon aiki a wani gidan rediyo, ya miƙe da takardarsa ya karanta da muryar labarai: "'Yan kasuwa na fatan za a buɗe iyaka nan da 'yan makonni." Aji ya tafa masa, don Hausar ta yi daɗi.

A bayan aji akwai wani dattijo da ke fataucin wake da dabbobi ta Maigatari. Na ce, "Alhaji, da ka ji wannan a rediyo da safe, me za ka yi?" Ya cire tabarau ya ce, "Malam, ai waya zan ɗauka in ce yara su fara loda kaya." Sai na faɗa masa abin da jimlar ke nufi: 'yan kasuwa sun so a ce an buɗe cikin 'yan makonni, amma shiru. Ya ɗan yi jim, ya dubi matashin ya ce, "Yaro, da ka sa na yi asarar kuɗin mota."

Tun ranar nake maimaita wa masu son aikin fassara cewa Hausa ba ta sauya siffar aikatau yadda Turanci ke yi, don haka nauyin da "had" ta ɗauka dole ka nemo masa wani maɗauki: "da", "tun farko", "sun so", ko kuma ka fito fili ka ƙara "amma hakan bai samu ba". Ƙarin nan ba son rai ba ne, yana cikin jimlar asali, a dunƙule.

"Hope", "expect" da "wish", ba duka fata ba ne?

Mu mukan ce "ina sa rai" mu haɗe biyun farko, Turanci kuwa ya raba su. "Hope" daga zuciya take, abin da kake so ya faru, ko da alamu ba su nuna ba. "Expect" daga lissafi take, abin da kake ganin zai faru ko kana so ko ba ka so, wato tsammani ko hasashe. Shi ya sa ana cewa "economists had expected a recession", masana sun yi hasashen karayar tattalin arziki, alhali babu mai fatan ta. In abin da aka hango mugu ne kuma ana son a nuna fargaba, sai a ce "had feared".

"Wish" kuma, idan ta haɗu da "had", da-na-sani ce tsantsa. "He wishes he had resigned earlier" na nufin da ma ya sauka tun da wuri. Ba a cika jin ta a bakin masu mulki suna kan kujera ba, sai a hirarrakin bayan sauka.

Ina yawan ganin "was supposed to" da "was meant to". Yaya suke?

Waɗannan su ne kalmomin manyan ayyukan da aka yi ta gafara sa ba a ga ƙaho ba, kuma mai karanta jaridun Najeriya zai haɗu da su kusan kullum. Ma'anarsu ita ce an tsara abu, an faɗa wa jama'a, an ɗora rai a kai, sannan a mafi yawan lokuta bai tabbata ba.

Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta da ke Jihar Kogi, wanda aka fara ginawa a ƙarshen shekarun 1970 da taimakon Tarayyar Sobiyat, kusan ba a rubuta labarinsa ba tare da ɗayansu ba: "Ajaokuta was supposed to be the backbone of Nigeria's industry." An so ya zama ƙashin bayan masana'antun ƙasa, ga shi shekara arba'in da ɗoriya bai kai ga samar da ƙarfe yadda aka tsara ba. Haka shirin nan na 20:2020, wanda aka ce zai sa Najeriya cikin ƙasashe 20 mafiya ƙarfin tattalin arziki kafin 2020. Haka kuɗin bai-ɗaya na ECOWAS, Eco, wanda aka sa wa 2020 sannan aka mayar 2027: "The Eco was supposed to be launched in 2020."

Akwai ɗan bambanci tsakanin biyun, ko da yake sau da yawa ana musanya su. "Supposed to" ta fi karkata ga alkawari ko ƙa'ida ko abin da kowa ya ɗauka zai faru. "Meant to" ta fi nuna niyyar wanda ya tsara abin, kuma tana da daɗin amfani idan sakamakon ya juye ya zama kishiyar niyya. A ranar 23 ga Satumbar 2022 gwamnatin Liz Truss ta gabatar da shirin rage haraji mai yawa a Birtaniya. "The tax cuts were meant to boost growth." An yi su ne don a zaburar da tattalin arziki. Cikin kwanaki fam ya faɗi ƙasa warwas a kan dala, kuɗin ruwan bashin gwamnati ya tashi, Babban Bankin Ingila ya shiga tsakani, kuma ran 20 ga Oktoba ta sanar da murabus. "Meant to" a nan tana ajiye niyya a gefe ɗaya, sakamako a ɗaya gefen, ta bar mai karatu ya auna tazarar.

Ni dai ina ganin "supposed to" ta fi zafi. Akwai ƙorafi a cikinta, irin na wanda aka yi wa alkawari aka saɓa.

"Due to" ba "saboda" take nufi ba? Na ga "the election was due to hold" na rikice.

Kalmomi iri ɗaya, aiki biyu. Dubi abin da ke biye. In suna ne, to "saboda" ce: "due to insecurity", saboda rashin tsaro. In aikatau ne, to maganar jadawali ake yi, ranar da aka tsayar. "Britain was due to leave the European Union on 29 March 2019" na nufin ranar da aka sa ke nan. An ɗage zuwa Afrilu, aka sake ɗagewa zuwa ƙarshen Oktoba, ba a fita ba sai 31 ga Janairun 2020.

Kana iya samun duka biyun a jimla ɗaya. Zaɓen shugaban ƙasa na 2015 a Najeriya an sa shi ran 14 ga Fabrairu, aka mayar da shi 28 ga Maris bisa dalilin tsaro a arewa maso gabas: "The poll was due to take place on 14 February but was postponed due to security concerns." Ta farko rana ce, ta biyu dalili.

Mene ne tsakanin "was to" da "was to have"?

Wannan tambayar masu zurfin karatu ce, kuma amsarta gajera ce. "Was to take place" ta bar ƙofa a buɗe, mai yiwuwa an yi, mai yiwuwa ba a yi ba. "Was to have taken place" ta rufe ƙofa, ba a yi ba. Zaɓen 2019, wanda aka ɗage da tsakar dare ana saura 'yan sa'o'i a buɗe rumfuna, mutane da yawa sun riga sun yi tafiya garuruwansu don jefa ƙuri'a: "The vote was to have been held on 16 February." Da ran 16 za a yi, sai aka koma 23. "Da" ɗin nan tamu ta farkon jimla ita ce daidai da "to have".

"Would" ce ta fi rikita ni. Wani lokaci kamar alkawari, wani lokaci kamar abin da ya faru.

Ba kai kaɗai ba ne. A labaran siyasa "would" na yin ayyuka uku mabambanta, kuma in ka ɗauki ɗaya a madadin ɗaya ka juya labarin.

Na farko, ɗauko maganar wani. Mu mukan ce "ya ce zai miƙa mulki", "zai" ɗin ba ta canzawa ko maganar ta shekara hamsin ce. Turanci kuwa yakan ja "will" baya ta koma "would" idan "said" ko "promised" ta gabace ta. Janar Gowon ya yi alkawarin mayar da mulki ga farar hula a 1976: "Gowon promised that the army would hand over in 1976." Wannan "would" ba ta ce an cika ba, ba ta ce an saɓa ba. Tarihi ne ya gaya mana cewa ran 1 ga Oktoban 1974 ya ce ranar ba za ta yiwu ba, kuma a Yulin 1975 aka kifar da shi. Haka a Ghana, jami'an gwamnati sun sha cewa ba za su nemi bashin IMF ba, "officials said Ghana would not go to the IMF", sai ga shi a Yulin 2022 an buɗe tattaunawa, a Mayun 2023 aka amince da dala biliyan 3.

Na biyu, marubuci ya tsaya a wani lokaci na baya ya leƙa gaba, ya faɗi abin da ya san ya faru. Babu "said" a nan, kuma sau da yawa za ka ga "later" ko "go on to". "Buhari lost in 2003, 2007 and 2011, but would go on to win in 2015." Wannan tabbas ce, ta faru. Da Hausa sai mu ce "daga baya ya zo ya ci a 2015". Masu rubutun tarihi na son wannan salo ƙwarai.

Na uku, "would have", wadda ita kuma kishiyar ta biyu ce: abin da da zai faru amma bai faru ba. "Had the June 12 election not been annulled, Abiola would have become president in 1993." Da ba a soke zaɓen ba, da Abiola ya zama shugaban ƙasa. Ga "da... da..." ɗinmu nan cif. Abin lura shi ne 'yan siyasa na son "would have" wajen kare kansu, irin su "things would have been worse", wai da ba don mu ba da abin ya fi haka muni. Magana ce da ba a iya gwada ta, don duniyar da ake kwatantawa ba ta taɓa wanzuwa ba. In na ji ta nakan nemi a ba ni hujja.

Amma a jaridun Najeriya ina ganin "the meeting would hold tomorrow". Wanne ne daga cikin ukun?

Ba ko ɗaya. Ɗabi'a ce ta Turancin Najeriya a sa "would" a gurbin "will", wataƙila don ana jin ta fi ladabi. A gida za a fahimce ka. Amma mai karatu a Landan ko Accra na iya jiran ƙarashen magana, yana zaton akwai wani sharaɗi da ke tafe, kuma mai duba jarrabawar WAEC zai ja maka jan biro. In taron gobe ne kuma babu "said" a baya, rubuta "will".

Idan aka ce "was expected to" ko "was widely expected", wa ya yi tsammanin?

Wannan ita ce tambayar da nake so kowane ɗalibi ya riƙa yi, don a nan nahawu ke haɗuwa da siyasa. Jimlar an gina ta ne yadda mai aikin zai ɓace. Mu ma mun iya wannan sarai: "ana sa ran", "an yi zaton", "ana kyautata zaton". Wa ke sa ran? Ba a faɗa ba.

Wani lokaci babu laifi, don tsammanin na jama'a da yawa ne. "Hillary Clinton was widely expected to win in 2016" gaskiya ce, akasarin ƙuri'un jin ra'ayi da masu sharhi haka suka nuna, ta kuma fi Donald Trump yawan ƙuri'un jama'a da kusan miliyan 3, amma ya doke ta a ƙuri'un wakilan jihohi waɗanda su ke yanke hukunci. Ta leƙo ta koma.

Wani lokacin kuwa mafaka ce. A 2021 Babban Bankin Amurka ya yi ta cewa hauhawar farashin da ake gani mai wucewa ce, kalmar da suka riƙe ita ce "transitory". Shugaban bankin na lokacin, Jerome Powell, ya ajiye kalmar a ƙarshen Nuwambar shekarar, kuma a Yunin 2022 hauhawar ta kai kashi 9.1 cikin 100, abin da ba a gani ba cikin shekara arba'in. Yanzu kwatanta jimloli biyu. "We expected inflation to fall" ta ce mu ne muka yi hasashen, kuskuren namu ne. "Inflation was expected to fall" ta ce an yi hasashe, kamar daga sama ya faɗo. Dukansu daidai suke a nahawu, ɗaya ce kawai ke ɗaukar alhaki. Idan minista ko gwamnan banki ya zaɓi ta biyu a kan manufar da shi da kansa ya sa wa hannu, ina ganin haƙƙin ɗan jarida ne ya tambaye shi: ranka ya daɗe, wa ya yi wannan tsammanin? Mafassari kuma kada ya ƙara masa "mun" inda bai ce ba, kada kuma ya cire ta inda ya ce.

Me ya sa ake cewa "better than expected" alhali alƙaluman ba su da kyau?

Domin ba da jiya ake gwada su ba, da hasashe ake gwada su. Kafin a fitar da alƙaluman hauhawar farashi ko na rashin aikin yi, kamfanonin labarai irin su Reuters da Bloomberg sukan tambayi masana da dama abin da suke hange, su fitar da matsakaici. Wannan matsakaicin shi ne "expected" ɗin. A ce, don misali, masana sun hango kashi 30, sai aka samu 28. Za a rubuta "lower than expected", kasuwar hannun jari ma tana iya murna. Amma uwar gida da ta je awo za ta tarar kwanon masara ya fi na bara tsada nesa ba kusa ba, don farashi bai sauka ba, gudun hawansa ne bai kai yadda aka ji tsoro ba.

Don haka kada a fassara "better than expected" da "an samu sauƙi". A ce "bai kai yadda masana suka yi hasashe ba". Haka "weaker than expected growth" ba ta nufin tattalin arziki ya karye, tana iya nufin ya haɓaka amma bai kai inda aka sa masa ido ba.

"Should have" zargi ce?

Sau da yawa. "The refineries should have been repaired years ago", ya kamata a ce an gyara matatun tun tuni, wannan yatsa ake nunawa. Amma tana da wata fuska ta lissafi zalla: "the funds should have arrived by now", ya ci a ce kuɗin sun iso yanzu. Mai maganar bai san ko sun iso ba, auna lokaci kawai yake yi. "By now" ce kan tona wannan ta biyun.

"Was going to", "was about to", "was set to", "was on course to" fa?

Dangi ne, tazara ce ta raba su. "Was going to" niyya ce, da zai yi. "Was about to" saura ƙiris, yana dab da yi. "Was set to" da "was poised to" na 'yan jarida ne, an shirya tsaf. "Was on course to" da "was on track to" sun fi zuwa da alƙaluma, ana kan hanyar cimma wani adadi. Dukansu in sun zo da "was" ka sa ido ga "when", "until" ko "before" a gaba, nan ne za a faɗi abin da ya katse hanzarin. Labaran tattalin arziki na 2020 cike suke da su, saboda kusan kowace ƙasa ta shiga shekarar da hasashen haɓaka kafin korona ta rufe kasuwanni.

A kanun labarai ba na ganin waɗannan siffofin. Me ake sawa?

Kanu ba shi da fili, sai a koma ga 'yan kalmomin da suka saba. "Hopes fade", fata na dusashewa, amma da saura. "Hopes dashed", murna ta koma ciki. "Falls short" da "misses target", ba a kai adadin da aka sa ba. "Fails to materialise", abin da aka yi ta jira bai bayyana ba. "False dawn" ita ce alamar sauƙi da ta yaudari mutane, kamar alfijirin ƙarya. "White elephant" kuma aiki ne da ya lashe maƙudan kuɗi, kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Ku lura kanu kan zo da siffar yanzu ko da abin ya riga ya faru, don haka "misses" a kanu "ta gaza" ce, ba "tana gazawa" ba.

Waɗanne kurakurai ne ɗalibai suka fi yi in sun zo rubutawa da kansu?

Uku nake yawan gyarawa. Ana yar da "d" ɗin ƙarshe ko "was" ɗin farko, a rubuta "he suppose to" maimakon "he was supposed to", saboda a baki ba a jin su sosai. Ana sa aikatau na baya bayan "to", a ce "had hoped to won" maimakon "had hoped to win". Sannan ana manta jan "will" baya, a ce "they hoped prices will fall" inda ya kamata a ce "would fall". Wannan na ƙarshen Hausa ce ke leƙowa ta ƙarƙashin Turancin, don mu "za su" muke cewa a kowane hali.

Malam, a ba mu misali guda da ya haɗa su, mu gwada.

To ga wanda kowa ya ɗanɗana. A Oktoban 2022 Babban Bankin Najeriya, ƙarƙashin Godwin Emefiele, ya sanar da sauya fasalin takardun naira 200 da 500 da 1,000. Karanta wannan a hankali, ka tsaya a kan kowane aikatau ka tambayi kanka ko abin ya faru:

"The redesign was meant to curb hoarding and counterfeiting. The old notes were to have ceased to be legal tender on 31 January 2023. The bank had hoped that people would switch smoothly to electronic payments. The Supreme Court would later rule that the old notes remained valid."

Jimlar farko niyya ce, kuma "meant to" na shirya ka ka ji akasi. Ta biyu, "were to have ceased", ta gaya maka ranar ba ta tsaya ba, kuma haka ne, an ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu. Ta uku, "had hoped", duk wanda ya kwana a layin ATM a makonnin nan, ko ya sayi naira da naira a hannun mai POS, ko ya tura kuɗi ta waya suka maƙale a hanya mai shago na riƙe da kayansa, ya san inda fatan ya kwana. "Would" ɗin da ke cikinta ta ɗauko tunanin bankin ne, ba abin da ya auku ba. Ta huɗu kaɗai, mai "would later", ita ce ke ba da labarin abin da ya tabbata.

Ga yadda zan mayar da shi: "An sauya fasalin kuɗin ne da nufin hana ɓoye su da buga na jabu. Da a ranar 31 ga Janairun 2023 ne tsofaffin takardun za su daina aiki, amma aka ɗage. Bankin ya so a ce jama'a sun koma biyan kuɗi ta waya da kati cikin sauƙi, sai dai hakan bai samu ba. Daga baya Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa tsofaffin takardun na nan daram." Hukuncin ya zo ne ran 3 ga Maris 2023, inda kotun ta ba su wa'adi zuwa 31 ga Disamba, sannan a watan Nuwamba ta cire wa'adin baki ɗaya.